Rayuwar Dakta Ilya Saley, Mai Noman Dawa da Dagwalon Matata

Haihuwa da asali

An haifi Ilya ɗan Malam Saley a garin Mirya ta ƙasar Damagaram, a jamhuriyar Nijar, cikin kakar shekarar 1962, daidai lokacin yankan gero. Mahaifinsa manomi ne, da rani kuma yakan yi fataucin kanwa zuwa kasuwannin kudu, mahaifiyarsa Baraka kuwa sana'arta dakan fura da sayar da daddawa. Shi ne na huɗu cikin ƴaƴa bakwai, kuma shi kaɗai Allah ya nufa da dogon karatun boko.

Malam Saley ya tashi maraya ne a hannun kawunsa, saboda haka da ya mallaki gonar kansa sai ya kafa wa gidansa wata ƙa'ida wadda bai taɓa karyawa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Idan aka yi girbi, mai gona ba ya kai sabon hatsi bakinsa sai an kai wa mutumin da ya ciyar da shi lokacin da ba shi da komai, shi ya fara sa hannu. Mata da yara suna iya ci, domin ƙa'idar a wuyan mai gona kaɗai take. Ilya yana ƙarami shi ake ɗora wa ƙwaryar tuwon ya kai gidan tsohon, ya tsaya har ya ga an yanki loma, sannan ya dawo a guje ya shaida wa mahaifinsa, wanda ke zaune a bakin zaure bai karya ba.

Karatu

An sa shi lakwal, wato makarantar boko, a shekarar 1969, yana haɗawa da karatun Alƙur'ani wurin limamin unguwarsu. Ya wuce kwaleji da lise a birnin Damagaram, ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare a 1982, aka ɗauke shi sashen nazarin aikin gona a jami'ar Yamai. Farin da aka yi a 1984 ya same shi yana tsakiyar karatu, kuma da ya je hutu gida ya tarar gonar mahaifinsa, wadda a da take cika rumbu biyu, ta zama fako, ko da damina ta dawo ba ta sake ba da abin kirki ba. Daga wannan lokaci ya karkata ga ilimin ƙasar noma, yana neman sanin dalilin gajiyarta da hanyar farfaɗo da ita ba tare da dogaro ga takin zamani ba, wanda talaka ba ya iya saye.

Zaman Paris

A shekarar 1987 ya sami gurbin ƙaro ilimi a Faransa. Ya sauka Paris cikin sanyin da bai taɓa jin irinsa ba, tallafin karatunsa bai iso ba, ɗakin da aka yi masa alkawari kuma ya tarar an ba wani. Wani direba ya nuna masa layi na tara na metiro, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, ya ce ya bi shi har Montreuil ya tambayi fwaye, wato gidan kwanan ma'aikata baƙi, ba zai rasa mai jin Hausa ba.

A can ya haɗu da Alhaji Ɗan Juma, mutumin Tasawa, wanda ke aikin sharar titi, kuma shi ne shugaban tukunyar Hausawan gidan. Tsarin tukunya shi ne kowa ya kawo abin da ya samu, a dafa wuri ɗaya, a ci a tire ɗaya. Alhaji ya dubi yaron da ƴar rigarsa marar kauri, ya shimfiɗa masa katifa a gefen gadonsa, ya hana a karɓi komai daga hannunsa. Waɗanda suka zauna gidan sun ce abin da ya faɗa a ranar shi ne: "Wannan ɗan lakwal ne, karatunsa shi ne kasonsa. Kai kuma ci, kada ka yi mana kunyar surukai, nan ba gidan surukanka ba ne." Shekara biyar Ilya yana cin tuwon wannan tukunya, har ya kammala digirinsa na dakta a 1992, a kan gishirin da ke taruwa cikin ƙasar da ake yi wa ban ruwa. Ranar da ya kare kundinsa gaban malamai, Alhaji ya ari kwat ya zauna a sahun gaba, ko da yake daga baya ya ce ban da sunan Ilya babu abin da ya fahimta.

Aure da iyali

A 1993 ya koma gida ya auri A'i, ƴar Damagaram, malamar jinya, wadda suka san juna tun yana lise. Ta biyo shi Faransa bayan shekara ɗaya, ta sake karatu har aka amince da takardunta, ta kama aiki a sashen yara na wani asibiti. Allah ya ba su Mardiya a 1995, Mustafa a 1998, sai Maimouna a 2002. Mace ce mai tsari, wadda ba ta sa wa yaro abu a baki sai ta karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin, kuma maigidan yakan ce da a hannunta aka bar labo, wato ɗakin gwaji, da babu sakamakon da zai fita sai ya yi rantsuwa.

Aiki a Saint-Fons

A 1996 ya sami aiki a Saint-Fons, kudu da birnin Lyon, inda masana'antu suka jeru a bakin kogi, iyalin kuma suka kama gida a Bron. Kamfanin da ya ɗauke shi aikinsa tace gurɓataccen ruwan masana'antu ne kafin a sake shi. Cikin masu kawo musu ruwa akwai wata matata da ke fitar da barasa daga alkama da gwozar sukari, wata saiwa mai zaƙi, mafi yawa don asibitoci da masu turare, wani kaso kuma don masu sha. Idan aka dafa aka janye barasar, abin da ke saura wani baƙin ruwa ne mai kauri da warin tsami, wanda Ilya ya sa wa suna dagwalo, don ya tuna masa da na marina. In ya shiga kogi kifi mutuwa yake yi, tace shi kuma aiki ne mai wahala.

Da ya auna shi sai ya ga abin da kifi ke gudu shi ne abin da gajiyayyar ƙasa ke nema: ragowar tsiro ce da ta narke, da sinadari dangin kanwa wanda hatsi ke buƙata don kara ya yi ƙarfi ƙwaya ta cika, barasar kuwa ta riga ta fice a tukunya. Ɗan mai fataucin kanwa ya san cewa kaɗan tana gyara miya, da yawa tana kashe ta, don haka tambayarsa ba ta wuce ta gwargwado ba.

Gonar André

A 2001, bayan doguwar neman izini daga hukuma, wani manomi mai suna André, a filayen gabashin Lyon, ya ba shi aron wani yanki na gonarsa wanda tsakuwa ta yi wa yawa, masara ma ta daina yi. Ilya ya zaɓi dawa, domin ita ya sani, kuma tana jure zafin bazarar yankin. Shekarar farko shukar ta ƙone ƙurmus saboda dagwalon ya yi ƙarfi, maƙwabta kuma suka kai ƙarar wari. André ya tsaya a kan gonar ya ce: "Dakta, na ba ka wurin da ba ya yin komai, ka yi ƙoƙari ka mayar da shi wurin da ba ya yin komai kuma yana ɗoyi." Duk da haka bai karɓe gonarsa ba.

A shekarun da suka biyo baya Ilya ya gyara hanyarsa. Ya riƙa barin dagwalon ya kwana watanni a tafki har tsaminsa ya lafa, ya surka shi da ruwa mai yawa, ya zuba wa ƙasa tun kafin shuka, ya bari ta sha, sannan bayan dawa ta yi gwiwa a ƙara mata kaɗan ta ƙasa, ba a kan ganye ba. Duk kaka yakan ɗebi ƙasa da ruwan rijiyoyin kewaye ya auna gishirinsu, idan ya ga ya hau sai ya hutar da yankin shekara guda. A 2004 dawarsa ta fi ta gonar da aka zuba wa takin zamani, ƙasar da a da take fara fat ta fara yin duhu.

Ya kawo buhun farko gida da murna, A'i ta sa aka ajiye shi a baranda. Ta ce ba ta musun iliminsa, amma cikin ƴaƴanta ba labo ba ne, sai an kai ƙwayar wani ɗakin gwaji da ba shi da hannu a ciki, an duba ta kaka uku a jere, sannan a kawo mata takardar ta karanta da idonta. Haka aka yi. Sai a kakar 2006 ta jiƙa, ta kai aka niƙa, ta tuƙa wa yara tuwo. Shi bai ci ba, domin ƙa'idar gidansu yanzu a wuyansa take: Malam Saley ya riga ya rasu, kuma wanda ya ciyar da shi lokacin da ba shi da komai yana Montreuil.

Buhun da aka mayar

A watan Nuwamba na 2006 ya ɗauki buhun dawa ya shiga jirgin ƙasa zuwa Paris. Mutanen fwaye suka kewaye buhun suna damƙar ƙwayar suna shinshinawa, wasu sun shekara goma ba su ga dawa ba. An riga an aika neman turmi sai wani ya tambayi irin takin da ya sa, shi kuma ya faɗi gaskiya dalla-dalla, har da sunan matatar barasar. Hannuwa suka fita daga buhun ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Ɗan Juma ya ɗaure bakin buhun da kansa, ya ce: "Ilya, mun ciyar da kai ka zama likitan gona, ashe mashaya ka buɗe wa gonar. Ɗauki kayanka. Abincinka na nan kullum in ka zo, amma wannan ba ta shiga tukunyarmu."

Labari ya riga shi isa Lyon. A masallacin da yake Juma'a wasu suka fara kiransa Ilya mai giya, aka daina miƙa masa ragamar taron ƴan Nijar, wata maƙwabciya ta hana ƴarta cin abinci a gidansu. Mardiya, tana ƴar shekara goma sha ɗaya, ta dawo gida da kuka, uwar ta share mata hawaye ta zuba mata tuwon, ta ce ta cinye tas.

Ilya ya kai maganar gaban Malam Abdulrazak, wani malami ɗan Abeche ta ƙasar Cadi da ke karantarwa a Lyon. Malamin bai ba da amsa a zaune ba. Ya je matatar, ya je tafkin, ya je gonar, sannan ya yi bayani a majalisinsa cewa ruwan ba ya sa maye, kuma ko da najasa ce tsantsa, a mazhabar da suka tashi a kanta shukar da ta sha najasa tsarkakakkiya ce, in ba haka ba da babu mai cin abin da ya fito daga gonar bayan gari. Ya ƙara da cewa mai kawar da ƙazanta daga kogi ba abokin mai sayar da kwalba ba ne. Mutane da yawa suka sauko. Aka kai wa Alhaji wannan fatawa, ya saurara har ƙarshe, ya ce: "Malam ya fi ni sani, ban ja da shi ba. Malam ya halatta, maƙogwarona ne bai halatta ba."

Shekarun jira

Ilya bai sake ɗaga maganar ba, kuma ya hana iyalinsa gaya wa Alhaji ƙa'idar gidansu, don a ganinsa lomar da dattijo ya haɗiya saboda kunya ba ita mahaifinsa ke nufi ba. Duk kaka yakan kira shi ya ce an yi girbi lafiya, Alhaji ya ce Allah ya sa albarka, su wuce zuwa zancen sanyi da ciwon gwiwa. Ziyara ba ta yanke ba, zumunci bai ragu ba, dawa dai ba ta shiga tsakaninsu. A gida ana tuƙa tuwon dawa da kunu, yara suna girma da shi cikin ƙoshin lafiya, maigida yana gefe da farantin shinkafa. Mustafa ya taɓa ce masa: "Papa, franchement, tsakani da Allah, kai ka noma, mu muke ci, wannan wane irin patron ne, wane irin maigida?" Ya yi dariya ya ce irin na Mirya ne.

A wannan tsakanin aikin ya bunƙasa. Manoma da dama a kewayen André suka karɓi hanyar a gonakin dawa da alkama da masara, ya wallafa sakamakon bincikensa, ya kuma riƙa karɓar ɗalibai daga jami'ar da ke Bron, cikinsu har da Amatullahi, ƴar Maraɗi, wadda ta ɗauki nazarin yadda za a yi irin wannan da ruwan da masana'antun rake da na sarrafa hatsi ke zubarwa a ƙasashen Sahel. Abin da ya fi nanata wa ɗalibansa shi ne kada su bari kowa ya kwaikwayi aikin ba tare da awo ba, domin dagwalon da ba a surka ba yana kashe gona, yana kuma iya sauka cikin rijiyar da yara ke sha.

A farkon 2021 likitoci suka gano masa ciwo a hanji. Aka yi aiki, ya sami sauƙi, amma A'i ma'aikaciyar asibiti ce, ta san abin da takardun ke faɗi.

Sunan jika

A watan Oktoba na wannan shekara Mardiya ta haifi ƴarta ta fari, aka sa za a raɗa mata sunan Baraka. Alhaji Ɗan Juma, wanda ya haura tamanin kuma yana shirin komawa Tasawa gaba ɗaya, ya zo Lyon don suna da sallama. An yi tuwon sabuwar dawa da miyar kuka don baƙi, shi kuma aka dafa masa shinkafa a tukunya dabam, kamar yadda aka saba. Da aka zauna ya lura mai gida ma shinkafar yake ci, ya ce: "Kai kuma fa? Ko kai ma maƙogwaron naka ya musulunta?" Ilya ya ce cikinsa ne ba ya son nauyi.

A'i tana tsaye da butar wanke hannu. Ta durƙusa ta ce: "Baba, a gafarce ni, zan karya umarnin maigidana a gabanka. Ba cikinsa ba ne. Shekara goma sha biyar ke nan bai san ɗanɗanon dawarsa ba, don a gidansu mai gona ba ya ci sai wanda ya ciyar da shi ya sa hannu. Ban ce ka ci ba. Na dai ga bai kamata ka tafi gida ba ka sani ba, shi kuma ba shi da lafiyar da kake gani."

Alhaji bai taɓa ko shinkafar ba. Bayan la'asar ya ce a kai shi gonar. André ya buɗe musu, tsohon ya taka har tsakiya da sandarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya tona ƙasa da hannu, ya ga ta yi baƙi tana warin damina, tana ta motsi da tana. Ya tambaya ko da can haka take, André ya nuna masa gefen hanya inda ba a taɓa zubawa ba, tsakuwa fara fat. Ya daɗe yana murza ƙasar, ya ce rabonsa da ganin irinta tun gonar kakansa.

Da suka dawo gida ya ce a ɗumamo tuwon. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda na falo da na kicin za su ji, ya yanki loma, ya haɗiye, ya tura kwanon gaban Ilya ya ce: "Maƙogwaron ya bi Malam. Sa hannu, ɗan banza mai taurin kai, kana so ka kai ni ƙara Lahira da yunwar shekara goma sha biyar?" Ilya ya sa hannu. Waɗanda ke wurin sun ce abin da ya fara faɗa shi ne tuwon yana son ƙarin kanwa, A'i ta ce ya bari sai ya shekara yana ci kafin ya fara gyara mata girki.

Ƙarshen rayuwa

Ya ci dawarsa kaka uku. Ya ajiye aiki a 2022, ya ci gaba da zuwa gona duk ranar da jiki ya yarda, ya kuma miƙa wa Amatullahi ragamar binciken. Alhaji ya koma Tasawa, kafin ya tafi kuma ya bar wasiyya cewa duk kaka a karɓi buhun Lyon a tukunyar Montreuil.

Ciwon ya dawo a farkon 2024. Dakta Ilya Saley ya rasu ranar Talata da hantsi, cikin watan Satumba na wannan shekara, a gidansa da ke Bron, yana da shekara sittin da biyu, dawa tana gab da isa yanka. Malam Abdulrazak ya sallace shi, aka binne shi a sashen Musulmi na maƙabartar Bron, kamar yadda ya nema, don ya kasance kusa da ƴaƴansa. André da maƙwabtansa suka girbe gonar, mutanen Montreuil suka ciko mota suka zo sadakar arba'in, aka tuƙa tuwo da sabon hatsin, ba a dafa wa kowa shinkafa ba.

Ya bar matarsa Hajiya A'i, da ƴaƴa uku: Mardiya, mai harhaɗa magunguna a Lyon, Mustafa, injiniyan ruwa a Saint-Fons, da Maimouna, ɗaliba a Paris. Ya bar jikoki biyu, Baraka da Saley, waɗanda da kunun dawar nan aka yaye su. Gonar tana hannun Mustafa yanzu, kuma a kakar da ta wuce bai kai loma bakinsa ba sai da ya ajiye kwanon a gaban mahaifiyarsa ta sa hannu. Allah ya jiƙan Malam Ilya, ya sa ƙasar da ya raya ta yi masa shaida.